Inda Numfashin Ermek Ke Ƙarewa

Sitiyarin motar a dama yake, a ƙasar da ake tuƙi a hannun dama. Daga Japan aka kawo ta tun tana da sauran mutunci, kuma kamar yawancin abin da ke shigowa Kirgizistan da araha, ba don mutanen nan aka ƙera ta ba. In direba yana bayan babbar mota, ba ya ganin abin da ke tahowa. Shi ya sa shekara goma sha ɗaya Ermek yana tuƙi, Kubat yana zaune a hagu yana leƙen hanya, yana cewa "dakata" ko "wuce". Ba su taɓa yin haɗari ba. Ba su kuma taɓa zama sun yi maganar cewa ɗaya ya rataya ransa a bakin ɗaya ba. Maza ba sa irin wannan hira, sai ɗaya ya mutu a je a faɗa a kan kabarinsa.

A dandamali ma haka aikin yake. Su biyu ne Layi na Tara, sunan da suka aro daga bas ɗin da ke kai su makaranta a Bishkek, zamanin da gambarar zamani ta shigo gari a kaset. Ermek ne mai murya da fuskar da ake bugawa a takardar talla. Kubat ne mai rubuta waƙa, kuma shi ne ɗan amshi. Amshin nasa ba na maimaita waƙa ba ne. Mai gambara da gudu yake zuba magana, huhu kuwa yana da iyaka. A ƙarshen ɗango akwai kalma biyu ko uku da Ermek kan saki don ya ja numfashi, sai Kubat ya cafe su ya faɗa da ƙarfi, mai sauraro bai san an sauya baki ba. Da suka fara, sau ɗaya ne a ɗango huɗu. Yanzu, bayan shekara goma sha bakwai da taba da sanyin hanya, kusan kowane ɗango sai an tallafa. Kafin numfashin ya yanke akwai wani ɗan ƙara da maƙogwaron Ermek ke yi, kamar an danna maɓallin riga. Babu wanda ke jinsa sai Kubat. Ko matar Ermek ba ta san ƙirjin mijinta kamar yadda ya sani ba.

Zagayen bana na watan Satumba ne, gari bakwai. A Talas kujeru sun fi mutane yawa. A Jalal-Abad wuta ta ɗauke a tsakiyar waƙa ta uku, jama'a suka yi tafi mafi ƙarfi na ranar. A Osh zaure ya cika, suka ji daɗi, ashe wani sabon mawaƙi da na'ura ke gyara wa murya aka zo gani. Yana sauka, rabin zauren ya bi shi waje. Wata budurwa ta tare su a ƙofa ta nemi hoto, ta ce babanta yana matuƙar son waƙoƙinsu. Ermek ya yi murmushin hoton. Kubat ya tambayi lafiyar baban.

Saura Karakol, ranar Lahadi. Sun bi ta Kazarman don rage hanya, hanyar da ke rage nisa tana ƙara wa mutum shekaru. Suna bayan wata motar kwal, Kubat ya miƙa wuya yana leƙe, Ermek ya zaɓi wannan lokacin, don ya san ba za a kalle shi ba.

"Za mu tsaya a Naryn ranar Asabar."

"Naryn ba ta cikin lissafinmu. Dakata, akwai mota."

"Biki ne."

"Wa kuma ya gaji da zaman lafiya?"

Ermek bai yi dariya ba. Ya yi bayani yana kallon bayan motar kwal. Saltanat eje, wato yaya Saltanat, mai babban zauren bukukuwa na Naryn, ta rasa sanƙiranta. Mutumin ya shiga siyasa, wato ya ci gaba da sana'arsa a wani zauren. Kaka ta yi, dabbobi sun yi ƙiba, kowa yana aurar da 'ya'ya, babu ranar da zauren ke hutawa daga yanzu har dusar ƙanƙara ta rufe hanya. Za ta gwada Ermek ranar Asabar. In ya yi mata, aikin nasa ne, kuma biki na gaba washegari ne.

"Washegari Karakol ce," in ji Kubat.

"Ka san waƙoƙin. Kai ka rubuta su."

"Wuce."

Suka wuce motar kwal. Kubat ya tuna masa waƙarsu ta faifai na biyu, wadda suka yi kaca-kaca da mawaƙan da ke sayar da murya a bakin tukunyar biki. Waƙar ce ta fito da su. Har yau in an fara kiɗanta sai ka ga masu furfura sun miƙe.

"Kai ka rubuta," Ermek ya sake cewa. "Ni faɗa kawai na yi."

Wannan ta shige Kubat fiye da maganar Karakol. Ya mayar da idonsa kan hanya har suka sauka daga tsauni. Ermek ya yi ta jero dalilai, kuma duk dalilan gaskiya ne, abin da ya fi ɓata wa Kubat rai ke nan. 'Ya'ya uku. Bayan da ke ciwo. Babbar 'yarsa an tambaye ta a makaranta sana'ar ubanta, ta ce direba ne. Shekara talatin da tara da haihuwa, mutum yana tsalle da hula a karkace a gaban sa'o'in 'ya'yansa. Daga ƙarshe ya zo kan buƙatarsa: Kubat ya tsaya a gefensa ranar Asabar ya riƙe masa takardar sunaye.

"Ka san kaina da sunaye, mutumina. Sau ɗaya kawai."

"Wato in riƙe maka tsani ka haura katanga ka bar ni."

"Kai dai ka riƙe takarda."

Wanda bai san biki ba zai ɗauka aikin sanƙira ban dariya ne da sa tsofaffi rawa. Wannan ado ne kawai. Ainihin aikin shi ne jeri. Mutum ɗari huɗu a zaure, kowa zai so a kira shi ya riƙe makirfo ya sa wa ango da amarya albarka, kuma kowa ya san daidai inda yake tsaye a duniya: wanda ya girme shi, wanda ya girma, wanda dangin mace ne, wanda dangin miji ne. Mutumin da ba ya tuna ranar haihuwar matarsa zai tuna cewa shekara ashirin da suka wuce an kira ƙanen surukinsa kafin shi. Baki na farko kuwa na dattijon dangin amarya ne, su da suka ba da 'ya. Ko gwamna ne a zauren, sai ya jira.

Kubat ya san wannan domin kakarsa ce ta raine shi a ƙauye har ya kai shekara goma. Ermek ɗan bene ne, a hawa na shida ya tashi, ya fi jin Rashanci a bakinsa, kuma bukukuwan da ya je a rayuwarsa daga teburin abokan ango ya kalle su, inda ba a ganin komai sai kwalba.

Sun isa zauren da hantsin Asabar. Ginin yana da dokin siminti biyu a ƙofa da fitilun gilashi da suka fi ƙarfin rufin. Saltanat eje gajeriya ce, waya biyu a hannu, tana magana da mutum tana ƙirga cokula da ido. Ta dubi Ermek daga sama har ƙasa, ta ce ya cire hular da sarƙar. Ta ba shi kwat mai walƙiya ta tsohon sanƙira, wadda aka ɗinka wa mai tumbi. Ermek ya shiga ciki kamar an aro shi. Ta kuma kafa sharaɗi: ban da wannan surutun naku na gudu, mutanen kirki ne za su zo.

"Wannan fa?" ta nuna Kubat da waya.

"Abokin aikina ne, eje. Shi zai riƙa kai wa masu magana makirfo."

"Ba ni zan biya shi ba."

"Na saba," in ji Kubat.

An sa biki ƙarfe ɗaya, saboda haka mutane suka fara zuwa ƙarfe uku. An cika tebura da boorsok, soyayyen ƙullin fulawa, da busassun 'ya'yan itace har babu wurin ajiye gwiwar hannu. Dangin ango ne suka rubuta takardar sunaye, kuma sunan da ke sama, da manyan baƙaƙe, na Almazbek ne, kawun ango, mai gidajen mai, wanda ya kama zauren ya kuma yanka doki biyu. Kubat ya karanta, ya ɗaga kai ya dubi teburin manya. Can a ƙarshe akwai wani tsoho da farar hular kalpak da sanda tsakanin gwiwoyi, bai taɓa ko shayi ba, mazan da ke gefensa suna zaune a miƙe kamar ɗalibai. Babu buƙatar a gaya wa mutum wane ne.

Amma an gaya masa. Uwar amarya ta zo da sauri tana gyara farin ɗankwalinta, ta karɓi takardar daga hannunsa, ta duba, ta cije leɓe. Ta juya bayan takardar ta rubuta da fensirin ido: Orozbek ata, wato baba Orozbek. Wan kakan amarya ne, in ji ta, shekara tamanin da takwas, tun asuba aka ɗauko shi daga At-Bashy, kuma da kyar ya yarda da auren. Shi ne na farko. Ta riƙe hannun rigarsa.

"Ɗana, ka gaya wa abokinka. Kada ka manta."

"To, eje."

Bai manta ba. Ya tsaya a bayan labule da takardar, yana kallon Ermek yana goge tafin hannunsa a kwat ɗin wani. Ya san abin da zai faru ko da babu takarda. Shekara goma sha bakwai, kowane wasa Ermek da abu ɗaya yake buɗe shi: jinjina ga wanda ya kama zaure. Dokar sana'ar ce, wanda ya biya shi ake fara kira, tun kafin a gaida gari. Ta zauna masa a harshe kamar bisimilla. Ga kuma takarda ta goya masa baya da manyan baƙaƙe.

Ba sai Kubat ya yi komai ba, wannan shi ne daɗin abin. Ba ƙarya, ba zagon ƙasa. Takarda tana da gaba tana da baya, mutum zai iya nuna gaba. Tsohon zai tashi, danginsa su bi shi, Saltanat eje ta karɓe kwat ɗinta, gobe da safe su biyu su kama hanyar Karakol. Ermek zai yi fushi da kansa na wata ɗaya, ya sa abin a waƙa, ko kuma Kubat ya sa masa. Amaryar kuwa, Kubat bai daɗe a kanta ba. Ya gaya wa kansa cewa aure da yawa sun fara da tafi sun ƙare a kotu, nasa ma haka, ba dole ne a fara da tafin ba.

Ermek ya juyo. "Akwai abin da ya kamata in sani?"

Kubat ya nuna masa gaban takardar. "Ga shi nan."

"Almazbek. Mai sauƙi ne. Yaya nake?"

"Kamar labulen otal."

"Allah ya shirye ka."

Kiɗa ya tashi, Ermek ya fita. Gaskiya ita ce ya iya. Kubat ya tsaya taku biyu a bayansa, a hagu, wurinsa na kullum, da makirfo na biyu a hannu, yana jin haushin yadda ya iya. Muryar da ta gaza cika zauren Talas ta cika wannan har kusurwa. Ya gaida baƙi, ya tsokani abokan ango, ya sa mata dariya ba tare da ya ɓata wa mazajensu rai ba. Saltanat eje a bakin ƙofar kicin ta sauke waya ɗaya daga kunne. Ango da amarya suka shigo, aka zauna. Sai lokacin albarka ya yi.

Ermek ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu kamar yadda yake yi a dandamali, ya fara jero kirari: mutumin da ya tara mu a nan, wanda hannunsa bai san rufewa ba, wanda ya sa tukwane suke tafasa tun jiya. Ya ja sunan yadda ake jan sunan mai ɗaukar nauyin wasa.

"Baki na farko a wannan zaure, ina kiran yayanmu Almazbek baike, ya taso..."

Teburin dangin ango suka fara tafi, tafin ya mutu a hannunsu. Almazbek ya miƙe yana zaro jawabinsa daga aljihu. Mai kuɗi ba ya mamakin an kira shi. A ɗaya gefen babu wanda ya motsa sai tsohon. Ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa, ya fara ɗago jikinsa a hankali, mazan da ke gefensa suka tura kujerunsu baya a tare. Ƙarar ƙafafun kujerun ta ratsa zauren. Uwar amarya ba ta kalli Ermek ba. Kubat take kallo.

Ermek ya ga fuskokin. Bai san me ya yi ba, amma duk wanda ya rayu a dandamali ya san lokacin da zaure ya juya masa baya. Maganar ta tsaya masa a tsakiya, bakinsa a buɗe. Sai maƙogwaronsa ya yi ɗan ƙaran nan, kamar an danna maɓallin riga.

Daga baya Kubat ya yi ta neman lokacin da ya yanke shawara, bai same shi ba. Babu tausayi a ciki, babu nadama, bai ma tuna da amaryar ba. Ya ji ƙaran, hannunsa ya ɗaga makirfo, kamar yadda ya yi sau dubbai daga Batken zuwa Karakol, a buge da a farke, da zazzaɓi da lafiya, har daren da matarsa ta kira daga Mosko ta ce ba za ta dawo ba. Ɗango ya yanke, bakinsa ya ƙarasa.

"...ya karɓi wannan makirfo da hannu biyu, ya kai wa babanmu Orozbek ata na At-Bashy, domin ba a aika ƙaramin mutum wurin babban mutum."

Ya faɗe ta da irin muryar Ermek, da irin nauyinsa, ba tazara ko ta ƙiftawar ido. Rabin zauren ba su san baki biyu ne ba. Ya taka zuwa wurin Almazbek ya miƙa masa makirfon. Mutumin ya dubi jawabinsa, ya dubi makirfon, ya auna abin a ransa da saurin ɗan kasuwa: an ƙwace masa baki na farko, amma an ce shi babban mutum ne a gaban mutum ɗari huɗu. Ya mayar da takardar aljihu. Ya ratsa zauren da makirfo a hannu biyu, yana tafiya kamar shi ya shirya abin, ya rusuna a gaban tsohon.

Orozbek ata ya riga ya miƙe, kuma mutum mai shekara tamanin da takwas ba ya ɓarnar miƙewa. Ya karɓa. Jama'a suka buɗe tafukan hannu, ya sa albarka ta minti ashirin, ya haɗa da raguna da ruwan sama da jikokin da ba a haifa ba. Aka shafa. Tafin da ya biyo baya har fitilun gilashin sai da suka amsa.

Sauran bikin aiki ne kawai. Kubat ya juya takardar, ya karɓi fensiri daga wata mai rabon shayi, ya sake jera sunayen da abin da kakarsa ta koya masa, yana raɗa wa Ermek ɗaya bayan ɗaya: wannan kafin wancan, waɗannan tare, wannan matar mijinta ya rasu bara, kada ka yi mata barkwanci. Tun da ya riga ya yi asarar, bai ga dalilin yin ta rabi-rabi ba.

Wajen magariba aka kawo nama. Kan rago, kamar kullum, gaban dattijon aka ajiye shi. Bai daɗe ba ya aiko a kira masu makirfo, su biyun. Suka je suka tsuguna. Tsohon ya fito da wuƙarsa ta aljihu, ba ya amfani da ta zaure. Ya yanke kunne ɗaya ya miƙa wa Ermek, abin da ake ba yara don su riƙa jin magana. Mazan teburin suka yi murmushi a cikin gemu. Ermek, uban 'ya'ya uku, ya karɓa da hannu biyu ya tauna.

Sannan tsohon ya dubi Kubat. Idanunsa sun yi fari-fari, amma suna aiki.

"Kai ne 'yata ta riƙe wa hannun riga ɗazu."

"Ni ne, ata."

"Daga can zuwa wurin abokinka taku nawa ne?"

Kubat ya dubi ƙasa. Ermek yana ta fama da guringuntsi, bai ɗago ba.

"Ka yi jinkiri," in ji tsohon. "Amma ka iso."

Ya ciro idon ragon da tsinin wuƙa, ya raba shi biyu daidai, ya ba kowa rabi, ya faɗi abin da ake faɗa: don ku riƙa ganin juna. Suka haɗiye. Abu ne mai santsi da kitse, kuma Kubat ya ji shi a maƙogwaro har washegari.

Saltanat eje ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce wa Ermek ya kai kwat ɗin wurin tela a rage masa ciki, gobe ƙarfe goma sha biyu ya kasance a nan.

Da safe Kubat ya same shi a bakin mota yana sauke jakarsa. Sanyin Naryn ya riga ya fara cizo. Ermek ya ware wayoyin da na'urar kiɗa ya bar su a ciki, ya nuna masa inda ya ɓoye jarkar mai, ya ce giya ta uku tana so a lallaɓa ta. Sai ya tsaya yana juya mukulli a yatsa. Ya ce ya yi magana da eje. Akwai wurin mai riƙe takarda, in Kubat yana so. Abinci kyauta, ɗaki a bayan zauren, babu hanya, babu sanyi.

"In tsufa ina raɗa maka sunayen surukan mutane."

"A da fa me kake yi?"

"A da kalmomina nake raɗa maka."

Ermek ya gyaɗa kai, ba don ya yarda ba. "Jiya dai ka cece ni, mutumina. Ban san yadda zan..."

"An ba ni sunan tsohon tun kafin a fara. Ka tambaye ni, na nuna maka gaban takarda kawai."

Ya yi tsammanin zagi, ya ma shirya masa. Zagi abu ne da mutum zai iya ɗauka ya tafi da shi a mota. Ermek ya dubi dokin simintin da ke ƙofa na ɗan lokaci.

"Ni kunne aka ba ni jiya. Na ji abin da tsohon ya ce maka."

"To?"

"To ai ka faɗa."

"Ba ni ba ne. Bakina ne, ya saba."

"Ka gaishe mini da bakin naka," in ji Ermek, ya sa masa mukullin a tafin hannu.

Sun rungumi juna irin ta maza, kafaɗa da kafaɗa, kowa yana bubbuga bayan ɗan'uwansa kamar mai neman a sake shi. Ermek ya ce zai kira bayan biki ya ji yadda Karakol ta kasance. Kubat ya ce to. Dukansu sun san za a kira, wannan makon da na gaba, sannan ranar sallah.

Kubat bai taɓa zama a kujerar dama ba. Ta lotsa daidai jikin wani. Ya haura tsaunin Dolon a hankali, giya ta uku tana yi masa gardama, ya sauka Kochkor, ya sha shayi a tsaye, ya ci gaba. Bayan ya kama gefen tafkin Issyk-Kul sai ya tarar da wata babbar mota da aka lafta wa ciyawa har ta fi faɗin hanya, tana tafiya kamar mai rakiyar gawa. Ya ɗan karkata hagu don ya leƙa, bai ga komai ba sai ciyawa. Ya ƙara karkatawa, wata mota ta taho da hon, ya koma da sauri. Ya dubi kujerar hagu. Hular Ermek ce a kai, da sarƙar.

Wasan ƙarfe biyar ne, akwai lokaci. Ya zauna a bayan ciyawar, ya kunna kiɗan waƙar farko don ya gwada bakinsa. Kalmomin duk suna nan, shi ya haife su. Ya ɗauki ɗango na farko lafiya, na biyu ma haka. A na uku ya gane cewa wanda ya rubuta waƙar bai bar wa mai faɗa wurin numfashi ba, don ya san akwai mai tallafawa. Ƙirjinsa ya ƙare saura kalma uku. Ya ji nasa maƙogwaron ya yi ɗan ƙara.

Kiɗan ya wuce da gurbin a buɗe. Ya ja numfashi, ya jira zagayowar kiɗan, ya shiga ɗango na gaba. Allon gefen hanya ya ce Karakol saura kilomita ɗari da tamanin, motar ciyawar kuma ba ta nuna alamar za ta kauce ba.